Bugun Farko da Hannun Hagu

Safotu, Savai'i

Zuwa ga Yayata Tausili,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ku lafiya a Brisbane, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya ƙalau. Mama ta samu sauƙin ƙafarta har tana zuwa coci da kanta, Baba kuma kullum yana gonar gwaza, ba ya jin maganar kowa.

Yaya, abin da ya sa na rubuto maganar kafaɗata ce. Kin san tun da na faɗo daga bayan motar gwaza ta goce, wata huɗu ke nan. An cire mini ɗaurin, amma likita ya ce in na sake ɗaga hannun sama da ƙarfi za ta kuma gocewa, kuma wannan karon sai an yi aiki. Na koma filin ƙwallon raga na zauna a gefe ina kallo kamar baƙuwa, ni da na yi shekara shida ina yi wa ƙungiyar matan garinmu bugun farko. Kocinmu Peniamina ne ya ce ai Allah bai ba ni hannu biyu don ado ba, in tashi in gwada hagu.

Ranar farko na sha kunya. Ƙafar da zan sa gaba ma ta rikice mini, na cilla ƙwallo sama na bugi iska. Ta biyu ta faɗa garken aladun Fasto. Ƙawata Mafutaga ta yi dariya har da zama a ƙasa, wai in riƙa sanarwa kafin in buga don mutane su kwashe shanyarsu. Na yi dariyar tare da su, da na koma gida na yi kuka. Tun daga nan kowace safiya ina buga wa bangon makaranta. Yanzu a cikin bugu goma, shida ne ke tsallake raga. Peniamina ya ce ranar Asabar ta sama zai zaɓi waɗanda za su gasar birnin Apia, kuma sai na kai takwas.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar Talata muna atisaye ƙwallo ta taho mini ta sama, kafin in yi tunani hannun dama ya tashi da kansa. Na ji wani abu ya motsa a ciki, zafin har wuya. Peniamina ya tambaye ni, na ce ƙuda na kora. Yau kwana uku ba na iya taje kaina da shi. In Mama ta ji za ta ƙona takalman wasana.

Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin ga irin wannan. Ki kira ni ranar Lahadi bayan coci, a wayar Mafutaga, ba ta gida ba. In kin ce in bari zan bari, Yaya, amma kada ki faɗa don tsoro kawai, sai kin tabbata.

Ki gaida maigidanki Yaya Iakopo, ki rungume mini Lagi da ɗan autanki Setu. Mama da Baba suna gaishe ku.

Ƙanwarki,
Leuila