Azumin da Ba na Lada Ba

Zuwa ga Gwaggo Hamida, Limawa, Dutse.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa. Yaya ƙafar Malam?

Ina lafiya a Alƙahira, sai dai watan jiya na faɗi a aji. Gwaggo, kin yi gaskiya. Azumin nafilar da ake yabona da shi a gida, ba neman lada ba ne, tsoron ƙiba ne ya hana ni ci. Ke kaɗai kika ce, "Wannan ramar ba ta ibada ba ce." Likita ta ce ciwo ne, ya fara taɓa zuciyata, amma ana warkewa.

Ki bari ni zan faɗa wa mahaifina Malam da bakina. A aiko mini da kuka da daddawa. Jiya na cinye tuwona tas, na yi miki addu'a.

'Yarki,
Khadijatu