Takalman Inna

Daga Haruna ɗan Malam Audi, Ƙofar Marke, Sakkwato, zuwa ga wana Lawwali a ƙasar Gabas.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Sakinatu da yara. Mu nan sai godiya. Gero ya yi dama-dama a gonar Dundaye, matata Mairo ta sauka lafiya, an sa wa yaron sunanka. Ni ina nan a rumfar tufafi, ina tsufa a zaune.

Yaya, na gaji da gardamar nan tamu. Tun shekarar da Nasara suka ci garin nan muke ja a kan ayoyin da muka karanta tare gaban mahaifinmu. Kai ka tsaya inda ake tambayar mutum ko ƙasar Allah ba ta da faɗin da zai yi hijira, ka ɗaura wa jaki kaya ka tafi. Ni na ƙara gaba kaɗan, inda aka yi wa raunana rangwame, na ce tunda ba a hana kiran salla ba zan zauna. Na daina neman kayar da kai. Maganar Inna ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Da Dodo ɗan Kawu ya dawo fatauci daga wajenku, gida ya taru jin saƙonka kamar yadda aka saba, Inna a gaba kan tabarmarta. Ka san Dodo, bai iya tace magana ba. Ya zazzage duka, har inda ka ce wanda ya zauna ƙarƙashin Nasara alhali yana da ƙafar tafiya, kana tsoron makomarsa a lahira. Na san da ni kake, amma Inna ce ta ɗauka.

Na kawo mata Malam Na'Allah, limamin unguwa, ya bayyana mata cewa mata da tsofaffi suna cikin masu uzuri. Ta saurare shi har ya gama, ta sa aka dama masa fura. Yana fita ta ce mini ita a waccan shekarar ƙarfinta lau, ita ke dakan gidan nan, ta je Dundaye da ƙafa ta dawo da dami a ka. Wai ƙin yin nisa da kabarin mijinta ne ya zaunar da ita, kuma ba za ta tsaya gaban Allah da uzurin aro ba.

Yau ko bakin rijiya ba ta kaiwa sai an riƙe ta. Duk da haka ta rage ci, wai don cikinta ya saba da hanyar hijira. Ta ƙulle likkafaninta da tasbaha a zane, ta aika wa baduku takalmanta ya ƙara musu fata. Kowane ayari aka ce zai yi gabas, sai ta tura ni in tambayo mata wuri. Tsorona kada ta cika tana ganin ɗanta na fari ya yanke mata hukuncin wuta.

Ban ce ka bar fahimtarka ba. Ni ka bar ni inda ka ajiye ni, na ɗauka. Amma ka aiko mata da kalma mai sanyi ta hannun falken da ya fara tasowa, domin tawa da ta liman ba sa shiga kunnenta.

Mairo da Binta da Kawu Mode suna gaishe ku. Inna ba ta ba da gaisuwa ba, ta ce da bakinta za ta yi. Ta ce in gaya maka takalman sun dawo daga wurin baduku, ka sa a share mata ɗaki.

Ƙanenka,
Haruna