Kwalbar Allurar da Aka Ƙi Buɗewa

Zuwa ga mai girma wakilinmu a majalisar tarayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Allah ya sa zaman da kuke yi a Abuja ya amfane mu, ya amfane ku.

Ni malamin firamare ne a garin Tambuwal. Na daɗe da alli a hannu, har waɗanda na koya wa baƙi da wasali sun fara kawo mini nasu 'ya'yan. Ba ni da katin kowace jam'iyya, kuma ban rubuto neman aiki ko kwangila ba. Ina da ɗan ƙanwa mai suna Usman, zai cika wata tara daidai shigowar bazara, lokacin da ƙyanda ke yawo gari gari. A wata tara ake yi wa yaro allurar riga-kafinta. So nake a yi masa a kan lokaci, kuma ina da dalilin tsoron ba za a yi ba, domin yayarsa Maryama ba ta samu tata ba. Iyakar maganar wasiƙar ke nan. Na fito da ita fili ne saboda na san ba gidanmu kaɗai abin ya shafa ba.

Na farko, maganar janye tallafin man fetur. Ba zan yi gardama da masana ba. Na saurari bayaninsu a rediyo, sun ce ciwon na ɗan lokaci ne, lafiya na tafe. Wataƙila haka ne. Ni dai abin da na sani shi ne zauren gidana, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranka ya daɗe, ka san yadda gidan ma'aikaci yake a garin nan. Tasha ne, masauki ne, ɗakin jiran asibiti ne. Duk ɗan'uwan da ya taso daga Jabo ko ƙauyukan Kebbe da mara lafiya, wurinmu yake fara sauka, a ba shi ruwa, a shimfiɗa masa tabarma, da safe a raka shi ya yanki kati. A da, tabarmin zaurena ba sa naɗuwa. Uwargida har tsiya take mini, wai da na buɗe otal da tuni mun je Makka. Tun da kuɗin kabu-kabu ya yi tashin gwauron zabi sai zauren ya yi tsit. Da farko mun ɗauka hutu ne ya zo mana, hatsi ya fara kai ƙarshen wata. Daga baya muka gane ba lafiya mutane suka samu ba, kuɗin hawa babur ne ya gagare su. Ciwon yana nan, a gida ake jinyarsa, sai ya ci ƙarfin mutum ake kawo mana shi.

Na biyu, malamin allura. Ƙanwata Hadiza, uwar Usman da Maryama, tana aure a wani ƙauye cikin ƙasar Kebbe. Mijinta Umaru manomi ne mai 'yan shanu, irin mutanen nan da kakanninsu suka zauna wuri ɗaya suna noma gero suna kiwo. Manyan 'ya'yansu duk a ƙofar gidan mai gari aka yi musu allura. Akwai wani ma'aikacin lafiya da ke zagaya ƙauyukan da babur, ya ɗaure akwatin sanyi a baya, mai gari ya sa a yi shela, mata su fito da goyo, idan ya gama a dama masa fura da nono ya sha ya wuce. Ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai, kamar yadda ba a lura da rijiya sai ta ƙafe. Mai ya tashi, ɗan abin da ake ba shi na mai bai tashi ba. Ya rage zuwa. Damina ta zo ta ƙarasa cinye hanyar da dama can rabinta ramuka ne, daga nan ba a sake ganinsa ba. Ban ga laifinsa ba, ni ma na jingine nawa babur, da ƙafa nake zuwa makaranta.

Za ka iya tambaya, me ya hana Hadiza zuwa asibitin da ya fi kusa da ita? Amsar ba ta cikin takardun ma'aikata. Matar aure a wurinmu ba ta tafiya garin da ba ta da masauki, mijinta ma ba zai yarda ba. Ita gidan yayanta ne masaukinta, kuma yana Tambuwal. Don haka duk abin da ya lalace a ƙauye, ƙofar ɗan birni yake biyowa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Na uku, kuma shi ne ainihin kukana, maganar kwalba. Allurar ƙyanda a ƙaramar kwalba take zuwa, ta yara goma. Idan aka buɗe aka haɗa ta, sa'o'i kaɗan take yi, abin da ya rage sai a zubar. Saboda haka ma'aikatan wani ƙaramin asibiti a nan garin, wanda ba zan faɗi sunansa ba, suka saba jira sai yara sun taru kafin su buɗe. A da wannan ba matsala ba ce. Ranar kasuwa barandar asibitin cika take, kwalba biyu ko uku na ƙarewa kafin azahar. Yanzu mutanen ƙauye sun rage shigowa, baranda ta koma wayam, amma al'adar jiran tana nan yadda take.

Da Maryama ta cika wata tara, Hadiza ta goyo ta a kan kabu-kabu ta sauka gidana. Da safe uwargida ta raka su asibiti. Suka zauna har rana ta take, yara huɗu kacal suka zo. Ma'aikaciyar ta ba su haƙuri, ta ce su dawo wata kasuwar. Hadiza ta koma ƙauye da 'yarta da katinta, ba allura. Bayan 'yan makonni ta sake dawowa. A wannan karon an daɗe ba wuta a garin, janaretan asibiti ba mai, an kwashe alluran an kai wani wuri mai firij don kada su lalace. Aka sake ba ta haƙuri. Karo na uku ban gan ta ba, sai na nemi Umaru a waya. Abin da ya ce mini shi ne: “Malam, sau biyu nika sai da akuya don allura guda. Mun tahi anka ce babu, mun koma anka ce babu. Allah shi tsare ta dai.” Gaskiya ya faɗa, domin a gaban idona aka yi.

Ma'aikaciyar nan na san ta. Ɗanta yana ajina, mace ce mai kirki, ba ta zuwa aiki a makare, kuma ba ta taɓa karɓar ko kwabon kowa ba. Da na yi mata maganar daga baya, ta ce: “Malam, in na buɗe don ɗiya fuɗu na zubar da na shidda, mi za ni ce in sunka tambaye ni? Gobe wasu su zo, babu.” Na fahimce ta sarai. Mu mutane ne da aka raina a kan cewa zubar da abu alhaki ne. Matar da ke jiƙa ƙanzon tuwo don kada ya tafi a banza, wadda ke yanka sabulu biyu ta ɓoye rabi, ita ce aka damƙa wa kwalba aka ce ta zubar da fiye da rabinta. Hannunta ba zai yarda ba. Tattalin da ke riƙe gidajenmu a wannan tsadar, shi ne ya hana Maryama allura. Wani likita ya gaya mini cewa ƙa'idar aikin ta yarda a buɗe ko don yaro ɗaya ne. Idan haka ne, to ƙa'idar tana can a rubuce, amma ba ta iso barandar nan da ƙarfin da zai cire wa ma'aikaciya tsoron tuhuma ba.

Na huɗu, abin da ya biyo baya. Bazara ta shigo, ƙyanda ta faɗa ƙauyen su Hadiza. Manyan yaran gidan da aka yi wa allura a ƙofar mai gari ba wanda ya kwanta. Maryama ta kwanta. Aka yi abin da aka saba, aka killace ta a ɗaki ana jiran ƙurajen su gama fitowa, ana ba ta jiƙe-jiƙe, ana cewa baƙon dauro ne, zai tafi kamar yadda ya zo. Da a ce hanya na da kyau kuma hawa babur bai zama abin shawara ba, na tabbata da tun zazzaɓin farko an kawo ta. Ranar da suka iso gidana idanunta a rufe suke, sun kumbura, ko kuka ba ta iyawa. Ma'aikatan asibiti sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu, yarinya ta rayu. Da idanun suka buɗe, na hagu ya yi fari fat. An kai ta Sakkwato, aka ce wannan ya tafi, sai a kula da na dama.

Na yi baƙin ciki, kuma har yau ina yi. Na san ƙaddara ce, mun karɓa. Amma ƙaddarar nan sau biyu tana zuwa barandar asibiti a goye, da katinta a hannu, ana mayar da ita gida. Kullum rediyo na gaya mana riga-kafi ya fi magani. Hadiza ta ji, ta yarda, ta zo. A wannan karon ba za a ce jahilcin mutanen ƙauye ne ba.

Yanzu Maryama tana wurinmu, uwargida ce ke riƙon ta saboda kusa da asibiti. Ni kuma na sami sabuwar sana'a da ba a biyana. Duk sunan da aka yi a unguwarmu cikin watannin da aka haifi Usman, na riƙe shi a kai. Bayan sallar la'asar ina tare magidanta ina tambayar watannin jariransu, har abokai sun fara kirana sarkin goyo. So nake in tara yara goma rana ɗaya, in aika wa Umaru ya turo Hadiza, don kada a sake ce mata ta dawo. Wasu sun amsa, wasu sun ce sai sun ga yadda hali ya yi. Ranka ya daɗe, wannan ba aikin malamin firamare ba ne, kuma ba dabara ce da za a dogara da ita ba. Idan mutum biyu suka fasa, mun koma gidan jiya.

Ban ce kai ka janye tallafi ba, ban ce kai ka haƙa ramukan hanyar Kebbe ba. Amma kai ne bakinmu a inda ake yanke abin da ke faɗo mana, saboda haka ga roƙona.

Ka nemi hukumomin lafiya su aiko da umarni bayyananne zuwa kowane ƙaramin asibiti, a karanta wa ma'aikata, a kuma faɗa a rediyo da Hausa, cewa a buɗe kwalba ko yaro ɗaya ne ya zo, kuma ba za a tuhumi kowa da asarar ragowar ba. Wannan ba ya bukatar kwangila ko bikin buɗewa. Idan akwai ƙananan kwalabe da ba su kai na yara goma ba, a kawo mana irinsu.

Ka tsaya a daidaita kuɗin man masu zagaya ƙauyuka da farashin yau, domin malamin allura ya koma kan babur ɗinsa. An ce kuɗin da aka yi tsiminsu daga tallafi za su dawo ga talaka. To ga wata ƙofa da za su iya biyowa.

A sa wa ƙananan asibitocinmu firij mai aiki da hasken rana. Rana dai ba ta taɓa yi mana rowa ba a ƙasar nan.

Sai hanyar ƙauyukan Kebbe. Na san ta fi ƙarfin wata ɗaya ko biyu, amma a riƙa ambatonta a zauren majalisa har a gaji da jin sunanta.

Roƙon farkon nan, na buɗe kwalba, shi ne na gaggawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya, bazara kuma ba ta jiran zaman kwamiti. Usman yana girma, ya fara zama da kansa.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke wuyanka, ya raya maka zuriya cikin lafiya, ya tsare idanunsu. Idan ka shigo Tambuwal, ka tambayi gidan malamin da ke ƙirga jarirai, kowa zai nuna maka. Maryama ta iya gaisuwa, za ta durƙusa ta gaishe ka da kyau. Sai dai ka tsaya ta hannun damanta, don ta gan ka.

Wassalam.

Naka mai fatan alheri,
Malam Abdu, malamin firamare,
Tambuwal.