Baba Ya Ce Ya Daina Zuwa Gashi

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Haɗeja damina ta kankama, kogi ya cika.

Hankalina ba a kwance yake ba. Ran Talata na kai Baba asibiti gashin ƙafarsa. Ruwa ya kwanta a filin ajiye motoci, kekensa na marasa lafiya ba zai bi ba, sai na tsayar da mota a bakin ƙofa na shigar da shi. Kafin mu fito masu gadi sun cire lambar motar, wai sai na biya tarar tsayawa a wurin. Na nuna musu Baba, suka ce doka ce.

Jiya da muka koma sai na ajiye motar can nesa, na goya shi, na ratsa ruwan, mutane suna ta yi mana sannu. Yaya, mutumin da ya koya mana tuƙa kwalekwale! A kunnena ya ce, "Sale, daga yau na daina zuwa."

Likita ya ce in ya bari, ƙafar za ta sandare. Don Allah ka kira shi, kai yake jin maganarka. Ka gaida su Ummi, a sa mu a addu'a. Litinin ce ranar komawa, kuma tun jiya bai yarda mun haɗa ido ba.

Ƙaninka,
Sale