Hoton Ƙwaƙwalwata Ya Je Lyon

Stockholm, 9 ga Oktoba

Yaya Riikka,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar Baba? Yaranki su Eino sun koma makaranta?

Ni lafiya lau, aiki ne dai ya yi yawa. Kin san ofishinmu yana son masu binciken ƙwaƙwalwa na ƙasashe daban-daban su riƙa ajiye hotunan ƙwaƙwalwa da suke ɗauka a tsari ɗaya, don kowa ya iya karanta na kowa. Da za a gwada sabon tsarin, sai na ba da hoton ƙwaƙwalwata, muna ta raha. Aka tura shi ƙasashe goma sha ɗaya.

Ranar Litinin abokin aikinmu Thibault ya kira ni daga birnin Lyon na Faransa, ya ce, "Saara, tsarin ya yi aiki. Amma ki je ki ga likita, akwai wani ɗan abu ta hagu a hotonki." Na ce ƙila matsalar na'urarsu ce. Ya ce mutanen Oslo ma sun gani.

Jibi zan je asibiti. Wataƙila ba komai ba ne, kada ki tayar da hankalinki. Ki aiko mini da safar ulu, sanyi ya fara. Sannan ki tambayi Baba cikin hira, kada ya gane: ciwon da ya tafi da Mama, da ciwon kai ya soma?

Allah ya tsare mu.

Ƙanwarki,
Saara