Bayan Kaset ɗin Kawu Lakhdar

Tlemcen, 14 ga Afrilu

Zuwa ga Kawuna Lakhdar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, sanyin Lyon ya sakar maka gwiwa. Mu nan alhamdulillahi, Mama ce dai ke fama da hawan jini, ta kuma ƙi rabuwa da gishiri.

Kawu, mujallar ta karɓi maƙalata! Ka san jami'armu ba ta barin ɗalibi ya kare digirinsa na uku sai wata mujallar masana harshe ta buga aikinsa, ni kuwa saura wata biyu wa'adina ya cika, wahalar shekara shida ta tashi a banza. Nazarina a kan yadda 'yan ci-rani ke gauraya Larabci da Faransanci ne a kaset ɗin da suke aiko wa iyayensu da ba su iya karatu ba, kuma rabin misalaina daga waɗanda ka riƙa aiko wa Kaka ne kana saurayi. Masu tantancewa suka ce ba za a buga ba sai mai muryar ya sa hannu. Da na kira ka, ka ce ba ka yarda duniya ta karanta yadda ƙato ke kukan kewar kuskus ɗin uwarsa ba. Ban ga laifinka ba, amma na sha kuka ranar. Sai ga takardar ta iso da sa hannunka, har da gargaɗi a gefe cewa kar a kuskura a ce kukan yunwa ne. Na gode, Kawu, Allah ya saka maka da mafificin alheri.

An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mama ta gaya min abin da ke ci maka rai shekara talatin: Kaka ba ta amsa kaset ɗinka na ƙarshe ba, kana ganin ta rasu tana fushi da rashin zuwanka. To, editan ya nemi in rubuta tsawon kowane kaset gaba da baya, sai na juya wannan na ƙarshen, abin da ban taɓa yi ba. Muryar Kaka ce a bayansa, minti huɗu. Ta amsa, matafiyin da zai kai maka ne ba ta samu ba. Ban sa shi a maƙala ba, wannan ba na mujalla ba ne. Maƙwabcinmu Hafid zai kawo maka ranar Asabar, ka nemi rediyo mai cin kaset.

Ka gaida Inna Zulika da Ilyes da Meriem. Mama na gaishe ka. Ita da ta saurara ta ce in bar ka ka ji da kunnenka, amma ba zan iya barinka har Asabar ba. Kawu, ba fushi take ba. Cewa ta yi ka riƙa sa rigar sanyi.

'Yarka,
Wahiba