Ranar da Inna Ta Ɓata a Khor Fakkan

Al Nahda, Dubai
20 ga Janairu

Zuwa ga ƙanwata Suwaiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Nasir da yara. Allah Ya ƙara lafiya, Ya raya zuri'a. Mu nan alhamdu lillahi. Fiddausi ta yi arba'in, jiki ya yi ƙwari, jaririya Bilqis sai kumatu take ajiyewa. Inna ma ƙalau take, sai ƙafar nan da ke taɓa ta in an kunna na'urar sanyi. In kin ga na zauna rubutu maimakon in buga miki waya, to ruwa ba ya tsami banza. Gidanmu ɗaki biyu ne, ko tari na yi Inna tana ji, maganar kuma ba ta kunnenta ba ce. Kwana tara ke nan ba ni da sukuni. Jiya a wurin aikinmu na Al Ras har sunan wani na rubuta a kwalin kayan wani, da ƙyar aka tare shi kafin ya shiga kwantena.

Kin fi kowa sanin zamanmu da Inna. Ni ne ɗan fari, shekara arba'in da ɗaya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Daga “wancan” sai “yayan Suwaiba”. Ke kuwa, auta sarkin shagwaɓa, har yau kina iya ɗora kai a cinyarta. Na san alkunya ce irin ta iyayenmu, ba ƙi ba ne. Amma zuciya ba ta da ƙashi, Suwaiba. Tun ina ƙarami nake tambayar kaina ko tana sona kamar yadda take son ku.

To, wata biyu a bene hawa na goma sha huɗu ya ishi Inna. Ta gaya wa Fiddausi, don ta gaya mini, wai an kulle ta kamar kaza a akurki. Fiddausi ce ta ce in kai ta Khor Fakkan ta sha iska, wani ɗan gari a bakin teku, tafiyar awa ɗaya da rabi daga nan. Mai jego ba ta fita da jaririya cikin iskar teku, saboda haka ranar Lahadin waccan muka kama hanya daga ni sai Inna. Ke dai bari! Tana baya ina gaba, in za ta yi magana sai ta yi wa gilashin mota. Da muka shiga hanyar da aka fasa ta cikin dutse, salati ta dinga yi har muka fito, sannan ta sanar da gilashin cewa ashe Dala da Goron Dutse tudun shara ne.

Garin ya yi kyau, ba hayaniya irin ta Dubai. Duwatsu a baya, ruwa a gaba, jiragen kaya sun yi layi can nesa. Kowane allo Larabci ne a sama, Turanci a ƙasa, mai sayar da kifi ma sai ya fara maka ciniki da wannan ya ƙarasa da wancan. Harshe biyu reras, babu ko ɗaya da Inna ke ji. Ta cire takalmi ta taka ruwan, ta ɗanɗana, ta tofar, ta yi dariyar da na daɗe ban gani ba. Na ɗaga waya zan ɗauke ta hoto, ta juya mini ƙeya.

Da aka kira azahar ta ajiye jakarta a mota, da waya da komai a ciki, ta shiga masallaci ɓangaren mata. Ni ban san ƙofa biyu gare shi ba. Na idar na tsaya a ƙofar da ta shiga, ita ta fita ta ɗayar. Minti ashirin, rabin awa, shiru. Na roƙi wata mata ta leƙa, ta fito ta ce khalas, wato shi ke nan, babu kowa. Innalillahi! Na bi bakin ruwa da gudu, na koma mota, na shiga kasuwa rumfa rumfa. Duk wanda na tara sai ya tambaye ni kalar kayanta, wallahi na kasa faɗa, don ban saba ɗaga ido in kalle ta ba. Ba abin da ke yawo a kaina sai da wane baki zan gaya muku na ɓatar da uwarmu a ƙasar mutane.

Sai da aka kusa awa biyu wayata ta yi ƙara. Wani ya yi Larabci, ya koma Turanci, ni kuma don ruɗewa da Hausa nake ba shi amsa. Sai wata mace ta karɓa ta ce in kwantar da hankali, Mama tana ofishin masu tsaron bakin ruwa. Sunanta Sabina, 'yar Kafanchan ce, tana aiki a wani shagon shayi, ita aka nemo ta yi tafinta. Ashe sun yi shela a lasifika lokacin ina cikin kasuwa, ban ji ba. Daga nan suka ce sai cikakken sunan wanda ya kawo ta, su nemo lambarsa, in ba haka ba su miƙa ta ga 'yan sanda. Inna ta ce yayan Suwaiba ne. Suka ce suna. Ta ce mijin Fiddausi. Kin ga cikakken sunana ya haɗa da na marigayi Baba, sunaye biyu ke nan da ba ta taɓa furtawa ba. Na shiga ina haki, na tarar da ita da kofin shayi a hannu. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce wa Sabina wasu mutanen ba su iya jira a bakin ƙofa ba. Haka muka kamo hanyar gida.

Tun daga ranar abin ya tsaya mini a rai. Lamba ta fito, ke nan ta faɗa. Sau ɗaya a rayuwata ta kira sunana, ni kuma ba na wurin! Ranar Lahadin nan da ta wuce na ce wa Fiddausi akwai lodin kaya, Allah Ya yafe mini, na sake tuƙa mota har Khor Fakkan. Sabina ta gan ni ta tsorata, ta zaci Mama ce ta sake ɓata. Da na gaya mata abin da ya kawo ni ta yi dariya, sai kuma ta daina. Ta ce Inna ta fi rabin awa tana kauce-kauce, sai da ta ga an ɗauki waya za a kira 'yan sanda. Sannan Inna ta jawo ta, ta rufe fuska da mayafi, ta raɗa mata a kunne: Halliru Aminullahi. Kuma ba ta sake ta ba sai da ta ƙara cewa, in an same shi a ce masa kada ya yi gudu, yana da ciwon ƙirji tun yana goye.

Suwaiba, ni kaina na manta da ciwon nan. A mota na zauna na yi kuka kamar ba magidanci ba.

Saura mako guda bizarta ta ƙare ta dawo muku. Don Allah kada ki nuna mata na sani, kunya za ta hana ta sake zuwa gidana.

Ki gaida Malam Nasir, da Muhsin da ƙannensa, da Kawu Ɗanladi da iyalinsa. Fiddausi tana gaishe ki da kyau. Allah Ya sada mu da alheri.

Naki yayanki,
Halliru